Nata'ala Ya Ƙona Mota, Ya Ɗora wa Ruwan Addu'ata

Nata'ala riwaya, mai gyaran wutar mota a bakin titin Sabo, shi ya ƙona ƙwaƙwalwar motar ɗana da hannunsa, sannan ya bi unguwa yana cewa ni na kashe ta. Ni Mero, da Yarabawan layinmu ke kira Iya Abbas, ina wurin aka yi, kuma ba makauniya ba ce ni.

Abbas shi kaɗai ne ɗana namiji. Da motar yake ɗauko albasa da tumatir daga kasuwar Shasha ya kai ta Bodija. Ranar da ya sayo ta, na karɓo tofi wurin malam na yayyafa wa tayoyi da saman bonet, kamar yadda kowace uwa za ta yi. Duk Juma'a ina maimaitawa. Ban taɓa buɗe bonet ba, ban ma san inda ake ja ya buɗe ba.

Da wata jar fitila mai hoton batir ta fara kamawa a gaban direba, sai ya kai wa Nata'ala, don abokin marigayi babansa ne, Baba yake ce masa. Na kai wa Abbas abincin rana garejin, na tarar ya tafi sallar azahar, na zauna a benci. Mota na aiki, sai na ga Nata'ala ya ɗauki sifana ya kwance kan batir ya ɗaga, ya miƙa hannu ya ba ta wuta. Fitilu suka yi wani haske kamar walƙiya, na ji tas, mota ta mutu. Na tambaye shi lafiya, ya ce caji yake gwadawa, haka yake yi tun zamanin Fijo, in mota ba ta mutu ba to cajinta lafiya lau. Ya mayar da kan batir ya ɗaure kafin a idar da salla.

Daga ranar motar ba ta sake tashi ba. Nata'ala ya ce wa Abbas ruwa ne ya shiga birenbos, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da injin, kuma kowa ya san wadda ke zuba wa motar ruwa. A wurin mai shayi har suna ya sa mini, wai Hajiya Kawash, mai wankin mota. Matan gidanmu suna ganina da buta sai su ce in yi hankali da janareta.

Dariyarsu ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, kwanon abincin da nake aika wa Abbas ya fara dawowa a rufe. Ɗan da tun da aka yaye shi bai taɓa ƙin tuwona ba. In mun haɗu ya gaishe ni yana kallon takalminsa. Na gaya masa abin da na gani, ya ce, "Inna, ki bar maganar wuta, ba fanninki ba ne."

To ai akwai masu fannin. Na sa aka ja motar zuwa unguwar Mokola wurin wani Abdulsamad, haifaffen Sabo ne, yana da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ya jona a ƙarƙashin sitiyari, ya ce ƙwaƙwalwar ba ta amsawa sam. Ya duba ya ga ƙwan fitilu duk sun ƙone lokaci guda, rediyo ma ta tafi. Ya cire altaneto, abin da ke caja batir, ya gwada, ya ce wutar da take bayarwa ta wuce ƙa'ida. Na ce ya yi mini Hausa. Ya ce in ɗauka famfo ne ya ɓalle, batir kuma randa ce da ke tare ruwan. Muddin randar na nan, ɗaki ba zai jiƙe ba. Kafin in ce komai ya ɗago ya tambaye ni, "Mama, wa ya cire kan batir mota na aiki?"

Sannan ya nuna mini inda ƙwaƙwalwar take. Ba ma a bonet take ba. Tana cikin mota, ta wajen ƙafar mai zaman gaba. Ya buɗe ta a gabana, a bushe ƙarau, babu tsatsa ko ɗigo, sai wani baƙin tabo da ƙauri kamar an manta shinkafa a wuta.

Na ɗauro ta a bakin mayafina na kai wa Nata'ala, na ce ya shinshina. Ya ce yaran yanzu da na'urarsu ba abin da suka sani, wai in je in ji da wainar da nake toyawa. Na kai wa Abbas. Ya juya ta, ya shinshina. Can ya ce Baba Nata'ala ne ya yi wa babansa wankan gawa, ba zai yi masa ƙarya ba. Ni da na haife shi, ni ce zan yi masa ƙarya ke nan. Jiya ma kwanon ya dawo.

Saboda haka ku shugabannin 'yan riwaya na Sabo, ƙwaƙwalwar tana ɗakina cikin kwalla, duk mai hanci ya zo. Ban ce a kore shi daga gareji ba. Ku kawo mini Nata'ala ƙofar gidana da rana tsaka, Abbas na tsaye, ya riƙe sifanar nan a hannunsa, ya faɗi da bakinsa abin da ya kwance lokacin da ɗana ke masallaci.