Waƙar da Ozella Ta Ajiye wa Ranarta

Ina cikin gyara mata matashi a kujerar baranda sai waƙar ta fito daga mashayar tsallaken titi. Wani ne ya kunna akwatin faifai, ƙofar kuma a buɗe saboda zafi. Ozella ta damƙi hannuna. Ciwo ya cinye ta har ba ta fi tsintsiya nauyi ba, amma damƙar nan sai da ta bar mini shaida.

"Leotis, muryar wa nake ji?"

Na ce kunnuwana sun tsufa. Ta ce in daina ƙarya da rana tsaka, ni da nake cika baki ina jin tafiyar ɓera a ƙetaren kogi. Gaskiyarta ce. Kunne irin nawa babu shi a New Orleans. Ban taɓa zama a aji ba, ban san baƙi ba, amma tun ina saurayi nake kaɗa babbar ganga a badujalar unguwarmu, na ci ambaliya, na ci yaƙi, likitocin da suka ce kwanana ya ƙare kuwa ni na raka su makabarta da kiɗa.

Muryar Verdell ce, 'yar ƙanwarta, wadda Ozella ta yi rainonta tun tana rarrafe. Bango ɗaya ya raba ɗakina da kicin ɗin Ozella, don haka a kunnena aka gina muryar nan. Duk Litinin, jan wake na kan wuta, sai ta tsayar da yarinyar ta koya mata yadda ake riƙe kalma a lanƙwasa ta, yadda ake jan ƙafa a bayan kiɗa, yadda ake gurnani da baki a rufe har mata su faɗi a coci. Abin da turawan Chicago suke biyan kuɗi su ji yanzu, suna kiransa jaz, da ƙamshin albasa aka dafa shi.

Waƙar kuwa ta Ozella ce. Ta yi ta shekarar da mijinta Alcide ya faɗa kogi daga jirgin kaya. Shekara da shekaru tana jan waƙoƙin bishara a cocinmu, amma ba ta taɓa rera wannan a gaban jama'a ba. Ta ajiye ta don ranar jana'izarta, kamar yadda wasu ke ajiye farar riga a ƙasan akwati. Verdell kaɗai ta koya wa, yarinyar kuma ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ta yi alkawarin ba za ta fitar da ita ba sai ranar.

Ga ta nan tana fitowa daga mashaya, an ƙara mata sauri, an sa mata ƙaho da fiyano. Duk inda Ozella ta kira Ubangiji, Verdell ta sa masoyi. Wani matuƙin tasi har yana buga sitiyari.

Da Fasto Gaines ya zo duba ta, ta roƙe shi a bar mawaƙan coci su rera mata ita ranar jana'izarta da ainihin kalmominta. Ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce waƙar ta riga ta shiga bakin mashaya, ana fara ta yara za su soma kaɗa yatsu a gaban gawa, ba zai iya ba. Na ce masa rabin abin da ake kaɗawa a mashayun garin nan daga cocinsa ya fita, ni shaida ne, da hannu ɗaya nake bugun rawar Asabar da na rakiyar gawa. Ya ce ni da ba na shiga coci sai da gawa a gaba, in bari masu gida su yi magana. Ozella ta ce mu yi shiru dukanmu, kanta na ciwo.

Verdell ta zo sau ɗaya, a doguwar mota, da gashin dabba a wuya cikin wannan zafin. Ta sumbace ni a goshi, ta ce Kawu Leotis har yanzu mutuwa na tsorona. Na ce ƙwarai kuwa. Ta durƙusa gaban gado tana kuka.

"Inna, duniya na sa ta ji ki. Har a Faransa ana sa ta."

"Ke suka ji. Ni da me za a raka ni?"

Verdell ta ce za ta tsaya bakin kabari ta rera yadda aka koya mata, fasto ba shi da iko a can. Ozella ta ce to ta gwada yanzu, tun tana da kunne. Yarinyar ta miƙe ta fara. Muryar nan, wallahi har yau tsigar jikina na tashi. Amma kafin ta kai tsakiya dugaduganta sun soma buga katako, kafaɗa ta soma rausaya, saurin ya ƙwace mata. Da ta zo wurin sunan Ubangiji sai ta ɗan tsaya, kamar mai laluben tsani a duhu. Ta samo shi, amma mun ji tsayawar. Ozella ta juya fuska bango. Ta ce in raka baƙuwa mota.

Ozella ta rasu wata safiya, maƙwabciya na shanya. Verdell tana da wasa a Chicago. Ta aiko da furanni, girmansu ya hana su shiga ƙofa, sai aka jingine su a baranda.

A coci aka rera waƙoƙin da ake rera wa kowa. Muka fito da gawarta, badujala a gaba, muna tafiyar nan ta jan ƙafa. Da masu ƙaho suka sauke don su huta, aka bar ni ni kaɗai, sai na buga mata waƙarta a ganga, a hankali, daidai yadda nake jin ta ta bango. Ganga ba ta da kalma. Fasto yana tafe a gefena bai gane ba, babu wanda ya gane, kuma babu makaɗin da zai iya wannan a garin nan sai ni.

Al'adarmu ce in an sallami gawa a juyo da kiɗan murna. Muna fita ƙofar makabarta, mai ƙahonmu ya ɗaga kai ya saki waƙar da kowa ke so a bana, waƙar Ozella da saurin nan na mashaya. Laimomin masu rawa suka tashi sama, hankici ya cika titi, har matan coci suna juyi da fararen safar hannu. Ya waigo yana jiran buguna. Na kwance maɗaurin gangar, na rungume ta, na bi ta bayan layi.

Furannin na nan jingine a baranda, sun fara sunkuyawa. Na ajiye gangar a kan kujerarta, na zauna a matakala. Matashin yana nan da lotsawar kanta.