Ko Bisa Kamiyo, Ko Bisa Katafila

Ina tsaka da ba Samira labarin yadda matar mai shagon kan kwana ta rina gashinta ya fito kalar manja, sai ga Toma magini ya yi sallama a ƙofar gida, ko kashe babur bai yi ba.

"Maman Nabil, maigidan na ciki?"

Samira ta ce, "Da la'asar ɗin nan? Kai ma dai, Toma. In ba shi bisa kamiyo, shina bisa katafila."

Wannan magana duk Sabon Gari mun haddace ta. Zakariya'u, mijin Samira, katanga ce kawai tsakanina da shi. Da can direban kamiyo ne, babbar motar yashi, sai ya je ya koyo tuƙin katafila mai haƙa, ya samo takardar duka biyun. Shi zai haƙi yashi a gulbi wajen Tsibiri, shi zai loda, ya sauko ya haye mota ya kai wa masu gini. Alhajin da ke da kayan ya ga mutum guda ya ishe shi, bai ƙara ɗaukar kowa ba. Samira kuwa in tana faɗin aikin mijinta a gidan suna, har wuyanta ƙara tsawo yake.

Toma ya ce, "Tun hantsi nike jiran yashi a Jiratawa, ma'aikata na zaune. Na biya gareji, ga kamiyo nan an gyara birki tun azahar, makanike ya ce shina gulbi. Na kira Gado mai gadin wurin, ya ce ai ya tahi gareji ɗauko mota. Wayarshi tana shiga, ba a ɗauka."

Ni dai ba zan ɓoye muku ba, raina wani wuri ya tafi. Namiji ya ɓace tsakanin gareji da gulbi da rana tsaka? Har na fara shirya yadda zan kai wa mata labarin a bakin famfo. Na ja mayafi na ce, "Mu je, ɗiyata, ba a barin mace ta tafi ita kaɗai."

Samira ta harare ni. "Gwaggo Tsahara, rakiya ko ganin ido?"

"Duka biyun. Mijinki kaɗai aka ce ya yi aiki biyu?"

Ta yi dariya. Wallahi ta yi dariya. Ta hau bayan Toma, ni na tare kabu-kabu.

Mun tarar da wurin shiru. Katafila na tsaye cikin ramin, hannunta ajiye a ƙasa, ƙofarta a rufe. Gado da masu lodi da shebur su kaɗan suna shan shayi gindin gawo. Gefe guda gaɓar ramin, mai tsawon soro, ta zubo ta yi tudu.

Gado ya taso yana goge baki. "Madam, ai na hwaɗa ma Toma. Mun tahi sallar azahar cikin gari, mun baro shi yana aiki. Da munka dawo inji a kashe, ba shi nan. Mi za mu ce? Ya tahi wajen mota."

Toma ya nuna tudun. "Wanga fa?"

"Shi ya kado shi mana. Kullum haka yake yi, ya ci gindin gaɓa ta zubo, ya kwashe."

Toma ya sake tambaya, "Ina yake cin abincin rana?"

Gado ya juya ya dubi gaɓar da ta zubo. Duk faɗin ramin nan, a ƙarƙashinta kaɗai inuwa take da azahar.

Samira ta ciro waya ta danna lambar mijinta. Na ce wa masu shayi, "Ku yi mana shiru!" Kunnena dai Allah bai rage mini shi ba, maƙwabta sun sani. Na matsa, na durƙusa, na kwantar da kaina a kan yashin nan mai zafi. Can ƙasa, kamar kukan sauro a cikin tulu, na ji kiɗan wayar da nake ji kullum ta bayan katanga.

Ban san lokacin da na ce, "Inna lillahi! Shina ciki!" ba.

Samira ta kwasa da gudu ta kama ƙarfen katafila tana duka. "Ku tada ta! Ku tada ta mana, ku kwashe!"

Maza suka tsaya suna kallon juna.

"Gado, don Allah!"

"Madam, ba wanda ya iya. Shi kaɗai ne."

"To a kira wani!"

"Ko an kira, makulli na aljihunshi."

Abin da zai kwashe tudun nan a ɗiba kaɗan yana tsaye kusa da mu, inuwarsa ma a kanmu take, muka dinga tono da shebur, da kwanon shayi, da hannu. Toma ya kira 'yan kwana-kwana, ya cire riga ya shiga. Mutanen Tsibiri suka yi ta gangarowa da fartanya. Ana kwasa, yashi na komawa. Ni da na zo ganin ido, da ɗankwalina na yi ta ɗiba ina zubarwa. Samira ba ta daina kiran wayar ba. In ta katse ta sake, ta ce, "Ku saurara, nan ne, nan ne! Baban Nabil, ga mu nan!"

Rana ta yi ja kafin shebur ɗin Toma ya taɓa kwano. Suka ajiye ƙarfe suka koma hannu. A zaune aka same shi, bayansa jingine da gaɓa, takalmansa a cire a gefe, kwanon shinkafa da wake tsakanin ƙafafunsa. Ko rabi bai ci ba.

Toma ya duƙa ya share masa yashin fuska da tafin hannu. Sai ya juyo ya dube ni, ni ba ita ba. Na kama Samira na juyar da ita. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Cewa kawai take, "Tun azahar. Ina gida ina dariya, tun azahar."

Washegari da hantsi aka kai shi. Mata sun cika gidan, kowace na ja ni gefe, "Gwaggo, ke da kika je, yaya abin ya faru?" Na ce su tambayi Gado. Bakina ya ƙi.

Bayan addu'ar uku, mutane sun ragu, na leƙa na tarar da Samira a bayan ɗaki tana wanke rigar aikinsa, wadda aka cire masa. Ta ɗauraye, ta matse, ta shanya. Ruwan ya kwanta, yashin gulbi ya taru fari a gindin bahon. Na miƙa hannu zan zubar mata.

"Bar shi, Gwaggo."

Na bar shi. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, rigar na ɗiga a kan igiya.