Naman da Heber Ya Ɓoye a Wayarsa

Ni da Facundo mun haɗa kamfani, amma ba mu taɓa haɗa ra'ayi ba. Ko ƙofa za a yi wa fenti sai mun yi musu, ballantana ɗaukar ma'aikaci.

Ɗan ofishinmu yana saman wani shagon gyaran takalma a unguwar Cordón, nan Montevideo, wasannin waya muke ƙirƙira. Ni ke zane da tsara wasa, Facundo ke fama da masu ba mu kwangila daga waje. Da mai rubuta mana manhaja ya samu aiki a Sifen ya kama gabansa, sai kujera ɗaya ta zama ba kowa, rigima ta tashi.

"Noelia, satifiket ake dubawa," in ji Facundo. "Masu kwangilar nan takarda suke so su gani."

"Takardar za a buga a waya? Ni a nuna min gem ɗin da mutum ya yi, in taɓa da yatsana."

"Ke dai haushin takarda kike ji don ba ki gama jami'a ba."

"Kai da ka gama, zana min kare mu gani."

Ana cikin haka, wata ranar Alhamis da ruwa ya wuni yana zuba, Heber Techera ya hawo benenmu. Ya kusa hamsin, furfura ta cinye gefen kansa, ga laktaye har wuya a ofishin da mai dogon wando ma ya yi kwalliya. Fulas ɗin ruwan zafi na hammatarsa ta hagu, 'yar ƙwaryar shan mate, shayin ganyen nan namu, a hannun, kamar kowane ɗan garin nan. A ɗaya hannun kuwa wata ƙatuwar jaka ce.

Bai ɓoye mana komai ba. Tun yana saurayi yake rubuta wa wani banki manhaja, har ranar da ya ji ba zai iya ƙara kwana a wurin ba, ya ajiye aikin. Ya bi duk kamfanonin wasa na garin, kowa ya ce masa za a kira shi. Mu ne na ƙarshe. Ya yi wa matarsa Mirta alkawari, in nan ma ba a dace ba, ranar Litinin zai koma ya roƙi tsohon ogansa.

Ya zuge jaka, satifiket suka zubo, kowanne a cikin leda. Facundo ya dinga ɗaga su yana murmushi kamar an aiko masa da hoton budurwa.

"Don Heber," na ce, na haɗa masa da "Don" ɗin da muke girmama manya da shi, "duk na gani. Wane wasa ka taɓa yi?"

"Na ci jarrabawar injin haɗa wasanni har mataki na..."

"Ba jarrabawa na tambaya ba. Wasa. Ko ƙwallo ce mai tsalle."

Ya dubi takalminsa. "Babu wanda zan iya nunawa."

Raina ya ɓaci, don mutumin ya kwanta min, kuma ina so in taimake shi amma ya hana ni. Facundo ya ce za mu kira shi. Na ga yadda kalmar ta sauka a fuskarsa. Ya tattara ledojinsa ya sauka.

"Mu ɗauke shi," in ji Facundo.

"A kan me? Ko ƙwallo bai yi ba!"

Don kada in jefe shi da wani abu, sai na ɗauki lema na ce zan sayo tortas fritas, tunda a garin nan ba a yin ruwa a bar soyayyar fulawa. A inda ake jiran bas na tarar da Heber a raɓe. Ya cire laktayen, fulas na hammata, ƙwarya na hannu, babban yatsansa na dama yana ta dangwalar waya. Ni kuwa ba na ganin mutum yana buga gem in wuce ban leƙa ba, halina ne.

Wani ɗan mutum ne mai tumbi a gaban ragar gasa nama. Ka dangwala, ya juya nama. Ka danne, ya turo garwashi. Ta gefe hannayen dangi ke ta miƙowa suna satar yanka. Sai wata murya mai hanci ta fito daga wayar: "Da ni ne, da ban juya shi yanzu ba."

Dariya ta kufce min. Duk gidan da ake gashin Lahadi akwai mai wannan muryar.

"Wane gem ne wannan? Ban san shi ba."

Ya yi sauri zai cusa wayar a aljihu. "Shirme ne kawai."

"Wa ya yi shirmen?"

Kunnuwansa suka yi ja.

"Haba, Don Heber! Kai amma ka iya cin amana! Miƙo nan."

Ina tsaye cikin ruwa na buga. Na bi shawarar mai muryar, nama ya ƙone. Na sake, na yi banza da shi, na ci. Karo na gaba na sake yin banza da shi, ashe wannan karon gaskiya ya faɗa, nama ya fito ɗanye, dangi suka watse suna tsaki, shi kuma ya ce, "Ai na faɗa."

"Wani lokacin yana da gaskiya," in ji Heber a hankali. "Abin da ya fi ciwo ke nan."

"Kuma duk da yatsa ɗaya?"

"To ɗaya hannun ai na mate ne. Wa zai ajiye fulas don wasa?"

Mu da muke da kamfani guda, duk wasanninmu sai da hannu biyu, kuma kullum muna mamakin yadda 'yan garinmu ba sa buga su a bas. Na kama hannun rigarsa na jawo shi, bas ɗinsa na zuwa muka bar shi ya wuce.

"Ina tortas ɗin?" in ji Facundo.

"Rufe baki ka karɓi nama."

Heber ya tura wasan cikin wayar Facundo, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi wadda ko agogo ta buɗe sai ta yi zafi. Wasan ya tashi sumul, ko gardama babu. Ximena mai haɗa mana sauti da Bruno mai gwada wasanni suka baro kujerunsu. Kafin ka ce me, ofis ya kaure.

"Juya, juya!"

"Kar ka saurare shi, ƙarya yake!"

"Ga hannun goggo nan, ta ɗauke haƙarƙari!"

Facundo ya taɓa bayan wayarsa, ya ji ta da sanyi, ya zaro ido. "Kin gani? A wannan gawar yake gudu. Wannan aikin mai satifiket ne, Noelia. Na ci ki."

"Ka ci wa? Satifiket ne ya koya masa satar nama?"

"Don Heber, raba mu."

Heber ya sosa ƙeya. "Gudun dai daga karatun ne da banki, can in abu ya tsaya kai ma ka tsaya. Sauran kuma daga gidan surukaina ne."

"To me ya sa ka ɓoye?" na tambaye shi.

"Malamin kwas ɗinmu ya ce kada a kai wa masu ɗaukar aiki abin da ba a gama ba. Kuma muryar ta Rubén ce, ƙanin matata. Bai san na naɗe shi ba."

Ximena ta faɗi kan kujera tana riƙe ciki. Facundo ya dube ni, na dube shi. Abin kunya, muka gyaɗa kai lokaci guda.

"Litinin ka zo," na ce. "Kujerar can ta bakin taga taka ce. Laktayen ka bar shi a gida."

Ban ma tabbata ya ji ni ba. Idonsa na kan Bruno da Ximena da suke kokawar ƙwace wayarsa, Bruno na rantsuwa sai ya rama.

"Shekara da shekaru ina gyara shi," ya ce. "Ban da Mirta ba wanda ya taɓa bugawa, ita ma don tausayi take yi. Ban taɓa jin baƙo ya yi dariya saboda abin da na yi ba."

Wallahi sai da idona ya ciko, ni da ba na kuka ko a biki. Na karɓo masa wayarsa na ce ya kira matar nan kafin ta mutu da zullumi.

Ya kira ta. Tana ɗagawa ya ɗaga murya kamar yana ƙetaren kogi.

"Mirta! Sun buga! Sun yi dariya, Mirta, har ɗaya ta faɗi kan kujera!"

Duk muna jin muryarta daga cikin wayar. "Aikin fa, Heber? Aikin nake tambaya!"

Ya yi turus, ya juyo ya dube ni. Na sake gyaɗa masa kai.

"Au," ya ce, yana share ido da bayan hannu. "Har da shi."