Farin Ƙyalle Na Uku

A gidanmu ba a yin Ista sai an rataya igiyar ƙyalle. Marigayiya mahaifiyarmu ce ta ƙirƙiro abin tun muna yara a Kabong, don ba ta ga dalilin sayen kayan ado ba alhali ƙarƙashin keken ɗinkinta cike yake da guntayen yadi. Kowa a gida ana yanka masa ƙyalle mai kusurwa uku. Mai rai ya zaɓi launin da yake so, wanda ya rasu kuwa fari ake yanka masa. Sai a ɗinke su a jikin igiya, a ɗaura daga taga zuwa ƙofar falo. Ni na gaji keken, na gaji al'adar. Shekara shida ke nan farare biyu nake yankawa, na Baba da na Mama.

Ranar Asabar ɗin jajiberin Ista, 'ya'yan ƙanena Chollom suna wurina a Tudun Wada: Firisila mai shekara tara da Bot mai biyar. Uwarsu Suzana ce ta kawo su tun Laraba, ta ce musu za ta je ƙauye duba mara lafiya. Gaskiyar magana, ramin kuzar da Chollom yake haƙa a bayan Bukuru ne ya rufta da shi bayan ruwan farko. Sau nawa na ce masa ya daina shiga ƙasa da zarar hadari ya fara haɗuwa? Sai ya yi dariya, wai ni da ko rijiya ba na iya leƙawa. Har yau ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Wajen ƙarfe goma na safe Suzana ta kira. Na zagaya bayan ɗaki kusa da tankin ruwa kafin na ɗauka. An ciro shi, babu rai. Ba ta yi kuka ba, muryar ce ta ƙare.

"Yaya Zipora, don Allah kar su ji a bakin kowa. Da yamma zan iso. Ni zan gaya musu."

Na yi mata alkawari. Abin da ya rage mata ke nan a duniya da za ta iya yi wa yaran da kanta, kuma ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na wanke fuska sau biyu, na koma.

Na tarar sun zazzage buhun ƙyallaye a tsakar falo. Bot ya tsoma ɓawon ƙwai a ruwan zoɓo, ya rina ƙwan, ya rina hannu, ya rina rigarsa har da kunne ɗaya. Firisila tana naɗa furanni da takardar tsohuwar kalanda, tana liƙawa da talgen sitaci, tana yi wa ƙanenta faɗa da irin muryar uwarta. Na zauna na nuna musu yadda ake huda ɓawon da allura ba tare da ya fashe ba. Har dariya na yi da Bot ya fasa na huɗu. Allah Ya yafe mini wannan dariyar, ta fi kuka ciwo.

Labarin mutuwa ba ya jiran mota. Kafin azahar na hango maƙwabciyata Maimunatu ta shigo get da mayafi, tana tafiyar masu ta'aziyya. Na tare ta a waje kafin ta buɗe baki, na nuna mata tagar falo. Mace ce mai hankali, ta matse hannuna ta juya. Bayanta matan zumunta biyu daga cocinmu suka zo, ɗaya har ta fara jan hanci tun daga bakin titi. Ita kam sai da na yi mata tsawa ƙasa-ƙasa. Na kashe waya, na sa sakata, na ce a raina yanzu ba ta inda maganar za ta shigo.

Sai Bot ya ce saura igiya. Na ɗauki almakashi.

Wanda ya shekara ashirin yana yanka yadi ba ya kallon hannunsa. Ina yanka, hankalina yana can bakin rami, ina tunanin ko an samu abin rufe shi, ko takalmansa suna ƙafarsa. Na yanka ja na Bot, ruwan ɗorawa na Firisila, shuɗi na Suzana, nawa mai ruwan ƙasa. Na jawo farin yadi na yanka, na tura wa Firisila duka ta jera, don ita ce mai jerawa kowace shekara.

Firisila yarinya ce mai tsari, ko takalma ba ta bari a karkace. Ta shimfiɗa igiyar a kan tabarma tana ajiye ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, tana kiran masu su. Kaka namiji. Kaka mace. Daga nan ta tsaya.

Na ɗaga kai. Farin ƙyalle na uku yana hannunta. Ta duba tabarma, ta ɗaga buhu, tana neman koren ƙyallen atamfar da ubanta yake zaɓa kullum, ragowar ankon bikinsu. Ban yanka ba. Na kori mutum uku daga ƙofa, ashe mai tona asirin tana zaune a cikin ɗaki da almakashi.

Na buɗe baki zan ce kuskure ne, na ninka yadin ne ya fito uku. Ta kalle ni, na kasa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya irin na wannan lokacin ba.

Bot bai lura da komai ba. Ya tono koriyar atamfar daga ƙasan tarin, ya ɗora mini a cinya, ya ce an manta da na Baba, in yanka masa babba ya fi na kowa. Ya koma wurin ƙwansa.

Firisila ta matso har gwiwarta ta taɓa tawa. Idonta a bushe.

"Anti, Mama ta sani?"

Na gyaɗa kai. Na ce tana hanya, kuma ta so a ce daga bakinta za su ji.

Ta daɗe tana kallon bayan ƙanenta. Sannan ta ɗauki koriyar atamfar ta sa mini a hannu tare da almakashin.

"Ki yanka masa. In Mama ta zo zan yi kamar ban sani ba."