Dutsen Niƙan Lami

Tasallah ta tsufa a unguwar Uhudu, can ƙasa mai tsarki, da tambaya ɗaya a ranta: ubanta mutuwa ya yi, ko gudu?

Ga abin da uwarta Lami ta faɗa mata. Sun taso hajji daga Damagaram, Tasallah tana goye, Lami ta kafe sai an tafi da dutsen niƙanta, wai wa ya sani ko Larabawa na niƙa gero. Da babban jirgin fasinjan ya fara nitsewa a Bahar Maliya, ana ta sauke mutane cikin kwale-kwale, sai ta yi suɓul da baka ta ce, "Wayyo dutsena!" Mijinta Barau ya juya ya nufi ɗakin kaya. Ba a sake ganinsa ba.

Matan unguwa kuwa, da ba su rasa abin faɗi, suka ce wane mai hankali zai mutu saboda dutse? Wani kwale-kwalen ya bi, ya huta da rigimar Lami. Maganar nan ta daɗe tana ci wa Tasallah rai.

Ran nan bayan la'asar jikanta Saif ya shigo da kwamfuta. Yana aiki da masu tura na'urar ɗaukar hoto ƙarƙashin teku, kuma Hausarsa rabi Larabci ce.

"Ya jadda, shufi! Kaka, duba, jirginku muka samu."

Tsohuwa ta matso har hancinta na neman taɓa gilashin kwamfutar. Kifaye na shiga da fita ta tagogi kamar gidan ubansu. Ta dame shi da tambaya: wa ke riƙe da fitilar? Na'urar ba ta jin sanyi? Sannan ta ce, "Yalla, maza kai ni ɗakin kaya."

Ya kai ta. Laka ce da tsatsa, ba komai.

Na'urar ta juya tana hawowa, sai tsohuwa ta damƙe hannun Saif. "Tsaya! Koma baya."

Wani faffaɗan dutse ne a kwance, tsakiyarsa ta lotsa saboda niƙa.

"Nan ina ne?"

"Matakala ce, jadda. Ta ƙarshe, daga ita sai waje."

Hawaye suka zubo wa Tasallah. Duk masu cewa ya gudu suna kwance a maƙabartar Baƙi'a, babu wadda za ta je ta gaya wa.

"Ashe ya ɗauko mata," ta ce. "Har nan ya kawo shi."