Kwalbar Alsas

Sylvanus yana goge kwalbar da gefen rigarsa lokacin da Ɗanladi, maƙwabcinsa a Mahuta, ya shigo falo ya zauna a kujerar da ta fi kusa da fanka.

"Yau dai za mu sha shamfen ɗin nan, Bature?"

"Ba shamfen ba ne."

"An fara," in ji Martha, matar Sylvanus, tana jera kofuna a tire.

Wata masaƙa ce a Kakuri ta tura Sylvanus kwas Faransa a 1983, yankin Alsas, don ya koyo injin buga atamfa. Ya dawo da kwalbar giyar da niyyar buɗe ta ranar sabuwar shekara, amma kafin ranar ta zo kiɗan soja ya cika rediyo. Ya rantse a gaban jama'a ba zai taɓa ta ba sai sojoji sun koma bariki. A zatonsa abin ba zai daɗe ba. Tun daga nan masaƙar ta rage ma'aikata har da shi, motarsa ta koma hannun wani, kwat ɗinsa ta ƙi shiga. Shaidar da ta rage masa cewa ya taɓa zama wani ita ce kwalbar nan, tsaye cikin kabad ɗin gilashi kusa da hoton aure, inda rana ke dukan ta kowace yamma.

Yau ana rantsar da farar hula a talabijin. Maƙwabta sun cika falon, wasu don gwamnati, yawanci don kwalba.

"Ku saurara," in ji Sylvanus. "Shamfen sunan yanki ne. In ba can aka yi ba, ko kumfar ta kai rufi, ba a kiran ta haka. Sauran yankuna nasu sunanta kireman. Na Burgandi ya fi kusa da shamfen, yana da nauyi a baki. Na bakin kogin Luwar yana ɗan ƙanshin zuma. Na Limu, can kudu, suna cewa su suka fara tun kafin kowa. Namu na Alsas kuwa mara nauyi ne, kamar ka gutsiri tuffa."

"Namu," in ji Ɗanladi. "Mutumin Kagoro ke nan."

Aka yi dariya. Ɗanladi ya nuna talabijin da haɓa.

"Amma tsaya, Bature. Rantsuwarka ta cika kuwa? Wannan da ake rantsarwa ai tsohon soja ne, babbar riga kawai ya sa."

Sylvanus ya dubi talabijin.

"Abin da aka rubuta a jikin kwalba shi ake bi," ya ce.

Ɗanladi ya so a girgiza ta yadda ake yi a bikin manya, a fesa wa kowa. Sylvanus ya ƙi. Duk da haka Martha ta janye hoton aure, mata suka toshe kunnuwa, wani ya kauce daga ƙarƙashin ƙwan lantarki. Sylvanus ya kwance wayar da ta ɗaure toton da ya toshe bakin kwalbar, ya murɗa shi a hankali.

Toton ya fito a hannunsa, busasshe, a tsuke. Ko ƙarar buɗe lemo ba a ji ba. Abin da ya zuba a kofi launin shayi ne, ba kumfa ko ɗaya.

Sylvanus ya kai kofin hanci, ya kurɓa, ya riƙe a baki kamar yadda ya ga ana yi a can, ya haɗiye da ƙyar.

"Yawwa," ya ce. "Shamfen ita ce mai hayaniya. Mutanen Alsas ba sa son surutu, giyarsu ma haka."

Aka raba, kowa ɗan kaɗan. Suka sha da natsuwa irin ta cin jibin Ubangiji a coci. Wata mata ta ce lallai ta ji tuffar.

"Ni dai burukutun da ya kwana na ji," in ji Ɗanladi. "Amma ban taɓa zuwa Faransa ba." Ya miƙa kofi a ƙara masa.

Da baƙi suka watse, Martha tana tattara kofuna ta tambayi mijinta ba tare da ta ɗago ba.

"Baban Edith, da gaske haka take?"

"Ta daɗe da mutuwa. A kwance ake ajiye ta, a wuri mai sanyi da duhu. Sun gaya mini tun a shagon."

"To me ya sa ka tsayar da ita a rana?"

"In tana kwance a duhu, wa zai gan ta?"

Martha ta ɗauraye kwalbar, ta mayar da toton, ta ajiye ta a kabad inda take, rubutun yana fuskantar ƙofa.