Kwana Bakwai Bai Isa Ba

Shekara talatin Dogo yana birkilanci, bai taɓa tunanin zai tsaya wa sabon siminti ba. Shi ne fa ranar da aka sauke buhunan ya fi kowa tsaki, da ya ji wai an haɗa shi da gasasshen yumɓu don a rage hayaƙin masana'anta. Sai da ya buga bulo biyar na gwaji ya gane halinsa: ba ya son gaggawa, ga shan ruwa, amma in ya kama, guduma ma sai ta yi da gaske.

To, an zuba rufin kankare na ajin makaranta, kwana bakwai ke nan. Ɗan kwangilar, wanda ɗan wan Dogo ne, ya iso da mota yana so a cire turaku da katakon da suka tokare rufin a kai wani aikin. Ai haka aka saba, in ji shi. Ya hau sama ya buga ƙusa, ta lanƙwashe, ya ɗaga ta yana nuna wa jama'a.

Ran Dogo ya ɓaci. Yaron da ya goya a kafaɗa ne zai koya masa kankare da ƙusa? Ya ce saman ne ya bushe, cikin ɗanye ne, wannan simintin sai ya ƙara sati biyu ana ba shi ruwa safe da yamma. In aka cire yau ba zai faɗi yau ba, tsagewa zai yi a ɓoye, ya jira sai an cika ajin da yara.

"Baffa, kar ka kunyata ni gaban ma'aikata."

Dogo ya jawo bulo ya zauna a tsakiyar turakun, ya ce wa kafintan da zai cire su bismilla, ya fara da katakon da ke bisa kansa. Kafinta ya dubi gudumarsa, ya dubi rufin, sai ya tuna wai yana da uzuri a gida.

Nan take aka sallami Dogo, aka kulle tiyon ban ruwa a sito.

Washegari da safe ɗan kwangilar ya tarar da shi a kan tsani, da bokitin wankan gidansa, yana haki.

"Baffa, na sallame ka fa."

"Na ji. Saura kwana goma sha uku."

Ya juye ruwan, ya sauko a hankali saboda gwiwa, ya nufi famfo.